Laimar Mutum Ɗaya

Sati biyar ke nan da zuwan Malam Munzali gidan 'yarsa Rumasa'u a Silver Spring ta Amurka, kuma a cikin sati biyar ɗin nan mijinta Zulkifilu bai ci abinci a gida ba ko sau ɗaya, in ban da shayin da yake kurɓa a tsaye a kicin.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a hawa na shida. Babu zaure, babu tsakar gida, babu wani lungu da mutum zai raɓe. In tsohon yana falo, Zulkifilu yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe shi, kai a sunkuye, sannan ya zame ya shige ɗaki. Da safe ya riga kowa fita zuwa Largo, inda yake aikin zanen magudanan ruwa. Da yamma Rumasa'u ta zuba masa tuwo a kula, ya sauka da shi ya ci a cikin mota a filin fakin. Haka ya taso ya ga ana yi a gidansu a Kano: suruki ba a cin abinci a gabansa, ba a zama tabarma ɗaya da shi, ba a haɗa ido. Abin bai taɓa yi masa nauyi ba. Har yakan ɗan ji daɗin kansa in ya tuna shekara goma sha ɗaya a Amurka ba su wanke masa kunya ba.

Malam Munzali masunci ne daga Yauri, aikin ido ya kawo shi. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun. An cire ta dama, an sa ranar ta hagu nan da sati uku.

Wata Laraba Rumasa'u ta biyo mijinta har bakin lif.

"Abban Mubina, Baba ya ce a canza masa tikiti. Wai sati mai zuwa yake so ya koma."

"Ɗayan idon fa?"

"Ya ce ɗaya ya ishe shi ganin hanyar masallaci. Ka san shi. In ya hau jirgin nan ba zai sake dawowa ba, kuma likita ya ce in aka bar na hagun haka, tafiya zai yi gaba ɗaya."

"Wani abu aka yi masa?"

"Na tambaya har sau uku. Ya ce gidanmu gidan alheri ne." Ta gyara goyon Mubina. "Abu ɗaya dai na lura. Ranar da na kai shi gaisuwa Virginia, da muka hau gadar Potomac, ya ɗago kai ya ce in rage gudu. Ya tambaye ni ko ruwan nan yana da kifi. Tun da ya zo ban ji ya tambayi komai ba sai wannan."

Zulkifilu ya shiga lif yana ganin ya gano ciwon. Mutumin da ya yi shekara sittin a kan ruwa, an ɗora shi a hawa na shida tsakanin talabijin da firij. Kewar kogi ce. A kai shi kogi.

Sai dai likita ya kafa sharuɗɗa: kada hasken rana ya doki idon da aka yi wa aiki, kada ruwa ya shiga cikinsa, kada tsohon ya ɗauki abu mai nauyi. Dole a sami inuwa, kuma dole Zulkifilu ya ɗauke ta a kafaɗarsa tare da sauran kaya.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya tare Idrissa, mutumin Tawa ta Nijar, direban tasi, wanda ba ya fashin zuwa kamun kifi duk Lahadi. Idrissa ya yi dariya har ya dafa mota.

"Bakano da fatsa! Mi ka sani ga ruwa, kai da kududdufin bayan gidanku ka ba ka tsoro?"

"Ba ni zan kama ba, Baba ne. Wurin kawai za ka nuna mana, ka raka ni in sayi laima."

"Bon. Wurin da nike zuwa, in ka aje mota sai ka yi tahiyar minti goma sha biyar bisa duwatsu da saiwoyi. Kada ka sayi abin da za ya karya maka baya."

Shagon kayan kamun kifin yana da sanyi da warin roba. Wata dattijiya mai furfura da ƙonannun damatsa, an rubuta Debbie a ƙirjin rigarta, ta buɗe musu laima uku a tsakiyar shago. Ta farko kamar rumfar kasuwa take, da labule ta gefe uku da taga, mutum huɗu za su miƙe ƙafa a ciki, amma da Zulkifilu ya ɗaga jakarta ya ji ta kai kilo bakwai. Ta biyu tana cin mutum biyu a sake, kilo uku da rabi, in an naɗe ta tsawonta ya kai ƙugu. Ta uku koriya ce, ƙarama, sandarta na shigewa cikin juna, kanta na karkatawa ya bi rana, da ɗan labule a baya mai tare iska. Kilo ɗaya da rabi. In an naɗe ta ba ta fi tsawon hannu ba.

"Mutum nawa za su zauna a ƙarƙashinta?" Debbie ta tambaya da Turanci.

"Ɗaya," in ji Zulkifilu.

Idrissa ya juyo ya dube shi, ya ce da Hausa, "Ɗaya? Kai kuma ina za ka zamna, bisa icce?"

"Zan tsaya daga gefe. Kai ne za ka riƙa taya shi hira."

Idrissa bai iya barin magana ta wuce shi ba. Ya bayyana wa Debbie cewa a ƙasarsu namiji ba ya zama kusa da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, duk don girmamawa. Ta ɗaga gira.

"Tsohon mijina ma haka ya yi da babana shekara ashirin," ta ce, "amma shi ba ladabi ba ne."

Suka yi dariya su uku. Ta buga sandar ta biyun da tafin hannu ta ce in ita ce wannan za ta ɗauka. Ƙaramar tana da kyau, amma tsinin da ake cakawa a ƙasa gajere ne. In ƙasar mai laushi ce ba matsala. In dutse ne kuma iska ta taso, sai dai mutum ya riƙe ta da hannu.

Zulkifilu ya ɗaga ta biyun, ya ɗaga ƙaramar, ya sake ɗaga ta biyun. Ya lissafa kayan da zai ɗauka: kujera, kula, sanduna biyu, jakar ƙugiyoyi, darduma, ruwan sha. Kilo biyu ba wasa ba ne a kan duwatsu. Wannan gaskiya ce. Amma akwai wata gaskiyar a bayanta, kuma ya gan ta sarai tun kafin ya isa wurin biya. In ya sayi ta mutum biyu, tsohon zai ce masa ya shigo, kuma ba shi da abin da zai ce. In ya sayi ƙaramar, laimar ce za ta ba da amsa a madadinsa. Ya tambayi kansa ko dalili na gaskiya yana zama ƙarya in mutum ya ɓoye wani dalilin a cikinsa. Ya ɗauki ƙaramar.

Ranar Lahadi da sassafe Idrissa ya bugo waya. Ya sami fasinjan filin jirgi, daga nan kuma wani zuwa Baltimore.

"Idrissa, kada ka yi mini haka."

"Wallahi aiki ne. Na turo maka taswira. Ka bi hanya har ka ga icce da ya hwaɗi, ka sauka dama. Surukinka ne, ba zaki ba ne."

Haka suka tafi su biyu, Malam Munzali a kujerar baya da baƙin tabarau na asibiti, Zulkifilu yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Daga gida har bakin kogi maganarsu ba ta wuce "Sannu Baba" da "Yauwa, sannu" ba.

Amma da suka gangaro ta cikin bishiyoyi ruwan ya bayyana, faffaɗa, launin ƙasa, yana tafiya a hankali tsakanin manyan duwatsu, sai tsohon ya tsaya cik. Ya ja numfashi ta hanci sau biyu.

"Akwai tarwaɗa a nan," ya ce.

Bakin ruwan duk falalen dutse ne da tsakuwa. Zulkifilu ya sami wata tsaga tsakanin duwatsu biyu ya cusa tsinin laimar, ya tara tsakuwa a gindinta, ya karkata kanta wajen rana. Inuwar ta rufe kujera ɗaya daidai, ba ragi ba ƙari. Ya zaunar da tsohon, ya miƙa masa sanda da hannu biyu, sannan ya koma can gefe, kamar taku goma, ya tsaya a rana da tasa sandar.

Malam Munzali ya juya sandar yana dubawa, ya murɗa ƙaramin injin naɗe zaren, ya girgiza kai. Ya jingine ta a cinya, ya jawo zaren ya naɗa a yatsansa manuni. Ya buɗe robar tana ya zaɓi guda, ya tsire ta a ƙugiya ba tare da ya duba ba, ya wurga da hannu. Zaren ya tafi ya faɗa daidai inda ruwa ke juyawa a bayan wani dutse.

Zulkifilu kuwa jifansa na farko ya kama reshen bishiya a bayansa. Na biyu ya faɗi a gaban takalminsa. Ya saci kallon tsohon. Fuskarsa na kan ruwa, amma kafaɗunsa na rawa.

Kafin azahar Malam Munzali ya fito da tarwaɗa biyu matsakaita. Kowacce sai ya riƙe ta ta bayan ƙaya, ya kai ta kusa da idon dama ya duba ta daga kai har wutsiya, ya yi mata wata 'yar magana ƙasa-ƙasa kafin ya sa ta a kula. Suka yi alwala da ruwan kogi, shi tsohon ya wanke fuskarsa a hankali da ruwan roba yana kauce wa idon, suka yi salla a kan falalen dutsen. Zulkifilu ya ji zuciyarsa ta yi fari. Aikin ya yi. Yanzu sai a jira tsohon ya ce ya fasa tafiya.

Bai ce ba. Da suka koma ga fatsa, abin da ya ce shi ne, "Allah ya yi albarka. Na sami abin da zan ba mutanen Yauri labari in na koma satin nan."

Zulkifilu ya tsaya cak da sanda a hannu.

Hadarin ya taso ne daga hayin Virginia, ba tsawa, ba walƙiya, sai iska mai sanyi da ta kwantar da ciyayi. Bugu ɗaya ta yi wa laimar ta tuge ta daga cikin tsagar. Ta yi tsalle biyu a kan duwatsu ta nufi ruwa. Zulkifilu ya yar da sanda ya bi ta a guje, ya cafko sandarta ƙafarsa ɗaya a cikin kogi har gwiwa. Kafin ya dawo yayyafi ya fara. Komawa mota minti goma sha biyar ne a kan duwatsu masu santsi, da tsoho mai ido ɗaya. Ba zai yiwu ba. Ya gwada mayar da tsinin, iska ta sake fizga. Sai ya tsaya a bayan kujerar, ya miƙe hannu iyakar tsawonsa, ya riƙe laimar a kan tsohon, shi duk jikinsa a waje. Ruwa ya sauko da ƙarfi. Abin da ke zubowa daga bakin laimar yana sauka daidai a wuyan rigarsa.

"Shigo ciki," in ji Malam Munzali.

"Ba komai, Baba. Nan ma ya yi."

"Na ce ka shigo."

"Ai ta mutum ɗaya ce, Baba."

"To." Tsohon ya dafa gwiwoyinsa ya miƙe. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. "Tunda ta mutum ɗaya ce, mai ita ya shiga. Ni na saba da ruwa."

Ya ɗaga ƙafa zai fita. Zulkifilu ya yi wuf ya bi shi da laimar.

"Baba, idon! Don Allah, Baba!"

"Ko mu biyu a ciki ko mu biyu a waje. Zaɓi."

Suka ture kujerar gefe, don ba za ta bar musu wuri ba. Malam Munzali ya zauna a kan kula. Zulkifilu ya tsuguna a kan dutse a bayansa, ya kafa sandar laimar tsakanin gwiwoyinsa ya rungume ta da hannu biyu, labulen bayan yana manne da gadon bayansa. Gwiwarsa na taɓa bayan surukinsa. Yana jin ƙamshin turarensa da ƙarnin kifi. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a ƙeyar tsohon.

"Yauwa," in ji Malam Munzali, yana mayar da tabarau. "Yanzu mun shiga jirgi."

Ya sake tsire tana ya wurga. Ruwan sama na dukan laimar kamar ana sheƙa gero.

"Shekara tara na yi ina sana'ar su a kwalekwale ɗaya da uban matata, kakan matarka. Shi a goshin jirgi yana wurga birgi, ragar kamun kifi, ni a baya ina tuƙi da filafili. Na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Ƙwaryar fura ɗaya muke tafiya da ita. In ya sha sai ya miƙo baya ba tare da ya waiwayo ba, in karɓa in sha. Ba abin da ba mu tattauna ba a cikin jirgin nan, har rigimar da nake yi da 'yarsa. In mun fito tudu kuwa, na hango shi a kan hanya, sai in ratse ta bayan rumbu. Kunya ba ta hana mu cin abinci ba. Da ta hana, da yunwa ta kashe mu a tsakiyar kogin Kwara."

Zulkifilu ya gyara riƙon laimar.

"Ka san abin da na fara gani sarai da wannan sabon idon?" Tsohon bai jira amsa ba. "Kwana uku da cire bandeji, na tsaya a taga ina gwada shi. Na ga ganyen bishiya ɗaiɗai. Na ga lambar mota daga hawa na shida, na ce ikon Allah. Sai na duba cikin motar. Na ga mai gidan da nake kwana a ciki, ya ɗora kwano a kan sitiyari yana cin tuwo. Washegari na sake dubawa. Jibi ma haka."

"Baba, ai girmamawa ce..."

"Na sani. An yi maka tarbiyya, Allah ya saka wa iyayenka. Amma ni ban haye teku don in kori mutum daga gidansa ba. Sati biyar. In na tsaya a yi ɗayan, da jinya, wata biyu ke nan nan gaba kana ci a mota kamar wanda aka yi wa yaji. Na ce idon da zan riƙa ganin wannan da shi, ɗaya ma ya yi yawa."

Zulkifilu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ba irin wadda yake alfahari da ita ba. Duk kwanakin nan yana tsammani shi ne yake ɗauke da nauyin, ashe a kan tsohon yake sauke shi kullum da yamma. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ga zaren ya miƙe a yatsan Malam Munzali har fatar ta yi fari.

"Af! Wannan ba yaro ba ne. Riƙe laimarka, kada ka saki!"

Tsohon ya saki zare, ya ja, ya sake saki. Yana yi yana magana da kifin: zo mana, ɗan sarki, ina za ka, ai gida ka zo. Zulkifilu yana bin kansa da laimar duk inda ya karkata, dama, hagu, gaba, kamar mai bin rawa. Da kifin ya iso gaɓa ya bugi ruwa da wutsiya, tsohon ya ce, "Miƙo mini laimar, kai sauka ka ɗauko shi. Ta bayan ƙaya, Bakano, ta bayan ƙaya!"

Zulkifilu ya shiga ruwa ya rungumo tarwaɗar tun ƙarfinsa. Ta kai tsawon hannunsa daga kafaɗa. Ta maka masa wutsiya a kunci, ya zame ya zauna daɓas a cikin taɓo, amma bai saki ba. Malam Munzali, riƙe da laima a kan kansa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Zulkifilu ya ɗago, suka haɗa ido, kowa ya yi sauri ya kawar da kai, dariyar kuma ta ƙi tsayawa.

Da ruwan ya tsagaita suka koma yadda suke, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Tsohon ya jawo jakar abinci ya buɗe. Dambun shinkafa ne da zogale, Rumasa'u ta zuba shi a kwano ɗaya. Ya yi bisimilla ya ci loma uku. Sannan ya ɗaga kwanon ya miƙo ta saman kafaɗarsa, fuskarsa na kan ruwa.

Zulkifilu ya dubi kwanon. Ya goge hannunsa a inda ya rage bushewa a rigarsa, ya karɓa. Lomar farko da ƙyar ta wuce. A ta uku ne ya ji ashe yaji ya ɗan yi yawa, kuma ashe yunwa yake ji sosai.

"Bugo mini Auta," in ji Malam Munzali.

Zulkifilu ya latsa lambar Rumasa'u ya miƙa wayar ta gefe.

"Auta? Lafiya lau. A'a, bai jiƙe ba, mijinki ne dai ya zama agwagwa. Saurara. Tikitin nan kada a canza shi, ki bar shi yadda yake, sai an yi ɗayan idon. Na ce ki bar shi. To kukan na mene ne? Ki nemo babbar tukunya, da daddawa in kuna da ita a garin nan." Ya saurara, sannan ya ɗan juyo da kai rabi, ba duka ba. "Tana tambaya kilo nawa."

"Zai kai shida, Baba."

"Tara," in ji tsohon a cikin waya. "Shi bai san kifi ba tukuna."